Wankin Ƙodar Baban Safiya da Maganar Depite

Mai gidana ya koma bakin teburinsa a kasuwa wata biyu ke nan, yana sara ƙashi da hannunsa, yana gardama da masu neman gyara kamar babu abin da ya taɓa samunsa. Tun da ya warke mata ke tare ni a hanya a nan unguwarmu Roumdé Adjia suna cewa, "Maman Safiya, wai da gaske wankin ƙoda kyauta ne?" Amsar ta fi ƙarfin gaisuwar hanya. Shi ya sa na zauna in rubuta ta tun ban manta ba, ko Allah zai sa ta yi wa wani amfani kafin ya shiga halin da muka shiga.

Sunana Hadiza. 'Yar Guider ce ni, aure ya kawo ni Garoua. Na yi lekol, wato makarantar boko, har aji uku na kolej, saboda haka ina karanta Faransanci, a hankali dai, da yatsa a kan layi. Mai gidana Iliyasu, wanda kowa ke kira Baban Safiya, mahauci ne. Ya fi shekara ashirin yana ɗauko cinyar sa a kafaɗa daga mayanka, kuma bayansa ya daɗe yana ba shi labari. Kowace safiya sai ya sayi wasu jajayen ƙwayoyi a wurin mai tallar magani a keke, ya haɗiye biyu da shayi. Ranar kasuwa huɗu yake sha. Ban taɓa hana shi ba, don ban san akwai abin hanawa ba.

Ciwon ya fara ne a tsakiyar damina, lokacin da Binuwai ta cika sauro ya yi yawa. Zazzaɓin cizon sauro ne, irin wanda muke cewa palu mu wuce. Ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyinsa ya ci gaba da fita. Rana ta uku ya dawo tun kafin azahar yana amai, idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi. Yayansa, Yaya Buba, dillalin shanu ne, shi ne babba a gidansu tun rasuwar mahaifinsu. Ya zo ya buɗe masa ido da yatsa ya ce shawara ce, ya kawo jiƙon wasu saƙe-saƙi a galan. Kwana uku Baban Safiya yana sha safe da yamma.

Mako na biyu zazzaɓin ya sauka, muka ce alhamdu lillahi. Amma sai na lura butar da nake kai masa bayan gida tana dawowa yadda na kai ta. Na tambaye shi, ya ce fitsarin ne ba ya zuwa sai ɗigo. Ƙafafunsa suka kumbura har takalminsa ya ƙi shiga. Da safe fuskarsa takan cika kamar wanda rina ta harba. Shaƙuwa ta kama shi ba ta saki, ga ƙaiƙayi, ga wani wari a numfashinsa da ban taɓa ji ba. Ranar da ya kira 'yarmu Safiya da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun suna yara, ban nemi shawarar kowa ba. Na tare moto biyu, wato baburan haya, muka kai shi ƙaramin asibitin unguwa, su kuma suna ganinsa suka rubuta mana takarda zuwa babban lopital.

Wanda bai taɓa zuwa can ba ya shirya ƙafarsa. Layin sayen karne, wato littafin majinyaci, daban, layin ganin likita daban, layin biya daban, layin labo inda ake ɗibar jini daban, kuma kowane taga sai ya mayar da kai wanda ka baro. Mun shiga da hantsi, ba mu ga sakamako ba sai bayan la'asar. Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta dubi takardar ta ce wata kalma da har yau take kunnena: kireyatinin. Ta ce tasa ta hau inda bai kamata ba. Da ta ga ban gane ba sai ta koma Fulatanci, ta ce ƙoda rariya ce mai tace jini, tasa ta toshe, dattin da ya kamata ya fita da fitsari yana yawo a jikinsa har ya kai kansa. Palu ya buge ta, ƙwayoyin suka ƙara, jiƙon ya ƙarasa. Ta ce sai an yi masa diyaliz, wato wankin jini da na'ura, kuma kada a wuce jibi.

A nan ne maganar 'yan siyasa ta shigo jinyarmu, ba da gayyatarmu ba.

Wata biyu kafin wannan, depite ɗinmu, wato wakilinmu a majalisa, ya zo kasuwa neman ƙuri'a. Ya hau bayan mota kusa da rumfar mahauta ya ce, da Fulatanci sannan da Hausa, daga yanzu duk mai ciwon ƙoda wanki kyauta ne, ko dala ba zai biya ba. Baban Safiya na cikin waɗanda suka tafa. Bayan kwana kaɗan kuma wani saƙon murya ya zagaye wayoyi, na abokin hamayyarsa, yana cewa ƙarya ce tsagwaronta, na'urorin duk sun mutu, wanda ya shiga ɗakin nan sai ya sayar da gidansa, kuma gawarsa za a fito da ita.

Yaya Buba mutumin na biyun ne. Washegari da safe ya iso asibiti da mota a bakin ƙofa.

"Hadiza, tattara kayanku," ya ce. "Akwai wani mai magani a bayan Guider, ya tayar da waɗanda suka fi shi. Ba zan bar ƙanena su tsotse jininsa su tsotse dukiyarsa ba."

A safiyar nan kuma ɗan aiken Sarkin Pawa, shugaban mahautan kasuwarmu, ya zo da gaisuwa da hanta kilo ɗaya. Al'adar mahauta ce idan ɗayansu ya kwanta a zagaya da kwano kowa ya jefa abin da ya samu. Wannan karon ba a zagaya ba. Sarkin ya ce a gaya mini in kwantar da hankalina, tunda ciwon ƙoda ne ai depite ya riga ya ɗauke mana nauyi.

To ka ji. Maganar ɗaya ta hana mu taimako, maganar ɗayan tana shirin ɗauke mini majinyaci. Kuma cikin su biyun, da masu yaɗa maganarsu, babu wanda ya taɓa taka ƙofar ɗakin da ake magana a kai.

Na durƙusa na ce, "Yaya, ba na jayayya da kai. Ka ba ni zuwa la'asar in je in gani da idona. In na tarar yadda ka ce, ni da kaina zan ɗauki ƙafarsa in sa a mota."

Ya dubi agogonsa ya ce, "La'asar."

Ɗakin wankin yana can ƙarshen asibitin, bayan wurin wanki da shanya. Na leƙa ta taga na ƙirga na'urorin. Biyu an lulluɓe su da zane, sauran suna aiki, kowace da mutum kwance a gefenta, jini yana bin siririn tiyo yana dawowa. Wani yana barci, wata tana danna waya. A waje ƙarƙashin dalbejiya wata dattijuwa tana zaune a tabarma tana gyaran zogale. Na gaishe ta, ta amsa da Fulatanci, "Jam," ta matsa mini wuri. Sunanta Dada Asta, daga Touboro. Shekara biyu ke nan tana kawo mijinta sau biyu a mako. Sun bar gonar audugarsu a hannun 'ya'ya sun kama ɗaki ɗaya a Garoua, don hanyar Touboro ba ta zuwa da dawowa ba ce.

Na tambaye ta kai tsaye, "Dada, kyauta ne ko ƙarya ne?"

Ta yi dariya har ta ajiye tiren. "Wanda ya ce kyauta bai taɓa jinya ba. Wanda ya ce ƙarya bai san yadda muke a da ba. Shekarar farko duk zama sai mun biya, shanu uku suka tafi. Yanzu kati muke sabuntawa sau ɗaya a shekara. Amma 'yata, na'ura kaɗai katin ya sani. Jeki wurin Madam Marta ta nuna miki takarda, kada ki tsaya a bakina ni ma."

Madam Marta ita ce majo, babbar ma'aikaciyar jinya ta ɗakin. Mutuniyar kan dutse ce, Kirista, Hausarta ta kasuwa ce amma ba ta kwana-kwana. Ta kai ni gaban wata takarda da aka manna a bango, mai hatimi, rana ta fara cinye rubutun. Na sa yatsa na bi layi-layi, inda na tsaya ta fassara. Da na gama na ce ina da tambaya uku: me katin ya ɗauka, me bai ɗauka ba, kuma me ke faruwa ranar da kaya suka ƙare. Ta dube ni ta ce yawanci da kuka ake zo mata ko da zagi, yau ga mai tambaya. Ta ɗauko biro ta rubuta mini a bayan karnen Baban Safiya.

Ga abin da na tarar, a lokacin da muka kwanta, don dokar tana iya canzawa, kowa ya tambaya da bakinsa. Ana yin rajista a biya kuɗin kati sau ɗaya, kuɗin bai kai na buhun masara ba, kuma da shi za a yi ta hawa na'ura har shekara ta zagayo. Wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma kateta, bututun da ake sa wa a wuya don jini ya bi, mu za mu saya. Gwajin jini na kowane mako namu ne. Magunguna namu, gado namu. In ana bukatar ƙarin jini, mu kawo masu bayarwa mu kuma biya kuɗin leda da gwaji. Ranar da kayan na'ura suka yanke kuwa, sai haƙuri, kati ba ya haifar da kaya.

Na ɗauki hoton takardar bangon da wayata na koma. Ban yi wa Yaya Buba dogon bayani ba. Na ce ya taso ya raka ni, taku kaɗan ne. Muna isa ana sauke mijin Dada Asta. Tsohon ya fito da ƙafarsa, ya zauna a tabarma, ya buɗe kwano ya fara cin tuwo.

"Shekara biyu ke nan, Yaya," na ce. "Ga shi yana ci."

Ya daɗe yana kallon tsohon. Sannan ya ce, "In ya mutu a hannunsu fa?"

"In ya mutu a hanyar Guider fa? Likita ta ce jibi. Yau saura gobe."

Ya fita ya sallami mai mota. Kafin magariba ya dawo da kateta a leda daga farmasi, ya miƙa wa Madam Marta da hannu biyu. Daga baya na ji maraƙi ya karyar a ranar. Duk abin da zan faɗa a kan jiƙonsa, wannan ma sai na faɗa.

Washegari aka sa bututun aka hau da shi na'ura. Zaman farko gajere ne. Da aka fito da shi ya yi barci mai nauyi, ya farka ya dube ni ya ce, "Maman Safiya, wa ke tsaron teburina?" Na san ya dawo.

Sauran aikin yana kasuwa. Mace ba ta cika shiga rumfar mahauta ta zauna ba, amma na shiga. Na gaida Sarkin Pawa na miƙa masa wayata da karnen, na karanta masa abin da Madam Marta ta rubuta. Ya sa na maimaita. Ya cire hularsa ya shafa kai.

"Ashe rabin magana aka ba mu," ya ce. "Ki yafe mu, 'yata. Da ba ki zo ba da muna nan muna cewa an gama."

Kafin azahar kwano ya zagaya. Jinin Baban Safiya ya yi ƙasa sosai saboda palu, ana neman leda biyu. Mahauta biyar suka zo asibiti da warin nama a jikinsu suka jera hannu, har Madam Marta tana tsokanarsu wai masu zubar da jini yau sun zo bayarwa. Na Yaya Buba da na wani saurayi Kirista mai sayar musu da awaki, wanda ya biyo su, suka dace.

Mako na uku a asibiti shi ne mafi wuya. Ranar zamansa muka je aka ce kayan na'ura sun ƙare, mota tana hanya daga kudu. Kwana uku muna jira. Ƙafafunsa suka sake cika, numfashi ya fara yi masa wuya, sai a zaune yake iya hutawa. Na je ofis na tambayi yaushe, wani ma'aikaci ya ce mini ba shi ne direban motar ba, ko ɗaga kai bai yi ba. A makon nan kuma labo suka ɓatar da sakamakonmu, aka sake ɗibar jini aka sake biya, babu wanda ya ce yi haƙuri. Da kayan suka iso, Madam Marta ta tsara mutane bisa wanda ya fi galabaita, ba bisa wanda ya fi baki ba. Wani mai babbar riga ya yi ta faɗa, ta ce masa ya je ya kai ƙara. Baban Safiya ne na biyu da ya hau.

Abinci ma jinya ne. Babu gishiri, babu kanwa, babu dunƙulen miya, babu ayaba, nama sai ɗan yanki. Mahauci ɗan mahauci ana auna masa nama kamar magani. Ruwa kuwa da ƙaramin kofin shayi nake ba shi, a zafin Garoua. 'Yan dubiya kowa da nasa: wannan ya ce fitsarin raƙumi, wannan ya ce a cire bututun nan na wuya don shi ke hana shi warkewa. Na koyi cewa "to, Allah ya saka," in karɓa in ajiye a bayan ƙofa. Likita ta ba ni gora mai layi-layi ta ce duk fitsarin da ya yi in auna in rubuta. Mako biyu gorar ko gindinta ba ya rufuwa.

A mako na biyar, wata Talata da hantsi, ya ce in miƙo gorar. Na juya baya ina ninke zane, sai na ji ƙara kamar an buɗe famfo. Ta kai rabi. Na ɗauke ta na bi baranda da ita a hannu, ba mayafi, ina neman likita, mutane suna kaucewa. Ta ɗaga gorar ta duba ta ce ƙodar ta fara farkawa. Ta bayyana mini cewa nasa irin wanda ke faɗowa farat ɗaya ne, in an tare shi da wuri yakan saki. Na mijin Dada Asta kuwa irin mai cin ƙoda a hankali ne shekara da shekaru, hawan jini ya jawo shi, shi ba ya komawa. Aka rage zama zuwa sau ɗaya a mako, sannan aka dakatar. A mako na bakwai aka zare bututun, muka koma gida.

Bayan sati biyu sai ga depite a ƙofar gidanmu da mutanensa da mai ɗaukar hoto. Labari ya kai masa cewa wani mahauci ya tashi. Ya yi gaisuwa mai kyau, ya kawo buhun shinkafa, sannan ya ce Baban Safiya ya faɗa wa jama'a yadda wanki kyauta ya ceci ransa.

Baban Safiya ya ce, "Ranka ya daɗe, zan faɗa, amma duka zan faɗa."

Ya gode wa Allah, ya gode wa gwamnati a kan katin, ya ce ba don shi ba da gidan nan ya tafi. Sannan ya lissafa bututu da gwaji da jini da kwana ukun da muka yi muna jiran mota. Ya ce kalmar kyauta ta kusa hana 'yan'uwansa taimakonsa. Na miƙa wa depite hoton takardar. Ya karanta, kuma na ga a fuskarsa cewa ranar ya fara ganinta. Ya ce haka aka ba su a taƙaice, zai duba. Da hoton ya fito a waya, godiyar kaɗai aka bari. Mutanen ɗaya ɓangaren su ma sun aiko, suna so in faɗi kwana ukun kawai. Na ce su ma sai dai duka, ba su dawo ba.

Sai na yi nawa. Na ɗauki murya da Hausa da Fulatanci, na faɗi abin da na rubuta a nan, na tura wa matan unguwa da na Guider tare da hoton takardar. Na ce duk wanda fitsarinsa ya ragu bayan zazzaɓi, ko ƙafa ta kumbura, kada ya kwana biyu yana jiƙo. Na ce jajayen ƙwayoyin keke ba abin sha kullum ba ne. Na ce in ɗan siyasa ya ce an yi, ko ya ce ba a yi ba, a je wurin a nemi takarda mai hatimi, a tambayi ma'aikaciyar da ke tsaye a kai, a kuma tambayi wadda ta fi kowa daɗewa a tabarmar waje.

Har yanzu duk Juma'a ina kai wa Dada Asta tuwo da miya marar gishiri. Wancan makon na same ta da fara'a. 'Ya'yanta sun kira daga Touboro, wai wani ɗan takara ya ce kafin damina mai zuwa za a kawo na'urar wanki kusa da su. Har ta fara tunanin gaya wa mai gidan haya za su tashi.

"Ke mai karatu," ta ce, "bincika mini."

Na shiga wurin Madam Marta, ta ce ba ta ga takarda ba, kuma ba a aiko kowa koyon aikin ba, alhali na'ura ba ta tafiya sai da mai sarrafa ta da ruwa mai tsabta da wuta. Na je ofishin lafiya na jiha na zauna har aka saurare ni, suka ce akwai maganar, amma ba a sa hannu a kan komai ba tukuna. Na dawo ƙarƙashin dalbejiya na gaya mata yadda na ji, ban ƙara ba ban rage ba.

Ta dubi tagar ɗakin da mijinta ke kwance. Sannan ta ce, "To, in biya hayar wata mai zuwa ke nan."

"Ki biya, Dada," na ce. "Ranar da na ga takardar da idona, ni zan zo in taya ki ɗaure kaya."